Kafin ka zaɓi likitanci a fom ɗin JAMB: auna lafiyar ƙwaƙwalwarka da nauyin karatun

A Bauchi da Gombe, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajin kimiyya ba a cika tambayarsa abin da yake so ya karanta ba. Tun yana aji huɗu na sakandare an fara kiransa Dakta, ranar cike fom kuwa sai a duba maki, a duba kuɗin makaranta, a duba ko akwai wanda aka sani a jami'ar. Abin da ba a dubawa shi ne ko ƙwaƙwalwarsa na cikin halin ɗaukar wannan kaya a wannan lokacin. Wannan jagora ta ɗalibi ce ko ɗaliba da ta taɓa fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ko wanda yake jin akwai abin da ba daidai ba amma bai taɓa zuwa asibiti ba. Iyaye ma su karanta.

Larurar ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba ta hana mutum zama likita. Akwai likitocin da ke shan magani kullum kuma suna duba marasa lafiya yadda ya kamata. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne ya shiga da ciwon da ba a gano ba, ko wanda aka gano aka ɓoye, ko wanda aka ajiye maganinsa don an ji sauƙi.

San hanyar, da wuraren da take da tudu

Digirin likitanci, wato MBBS, shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar UTME ta JAMB. Bayansa akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ta ba ka cikakkiyar rajista, sannan shekarar bautar ƙasa. Takwas ke nan idan babu faɗuwa, babu yajin aiki. Yajin aikin ASUU na 2022 shi kaɗai ya ci wata takwas. Wanda ya shiga yana da shekara 17 zai yi wannan tafiya ne daidai shekarun da manyan larurorin ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana, wato daga ƙarshen ƙuruciya zuwa tsakiyar shekaru ashirin.

Nauyin ba ɗaya ba ne a kowane aji. Aji ɗaya ci gaban darussan sakandare ne, sai dai akwai makin da dole ka kai kafin a bar ka ka haye, domin MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar. Aji biyu da uku ne gwajin gaske: anatomi, fiziyoloji da bayokemistiri, da shiga ɗakin gawa inda za ka riƙa yanka jikin mamaci cikin warin fomalin, sannan babbar jarrabawa a ƙarshe. Makin ci 50 ne cikin ɗari. Wanda ya faɗi, gwargwadon dokar makarantarsa, ko ya sake rubutawa bayan 'yan watanni, ko ya maimaita aji, ko a sallame shi zuwa wani kwas. A nan ne yaron da bai taɓa ganin ƙasa da 70 ba yake fara ganin 42 a jikin allo, a gaban kowa.

Daga aji huɗu nauyin ya sake kama. An koma asibiti: zagayen marasa lafiya a tsaye na sa'o'i, babban likita ya yi maka tambaya a gaban majinyaci da 'yan uwansa, kwanan aiki, ganin jariri ya mutu, ganin mai naƙuda tana zubar da jini. Wani yana jure haddar littattafai amma ganin mutuwa ya karya shi, wani kuma akasin haka. Ka tambayi kanka wanne ne ya fi kusa da rauninka.

Wani babban nazari da mujallar JAMA ta Amurka ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe fiye da arba'in, ya nuna kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci na da ciwon damuwa ko alamominsa, kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamomin kashi 16 kacal suka nemi magani. Adadi na ƙarshe shi ne abin lura. Mutanen da ke yini a cikin asibiti su ne suke gudun yankar kati.

Auna kanka na wata guda kafin ka ga kowa

Sami ƙaramin littafi. Kullum da daddare rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ka kwanta da ƙarfe nawa ka tashi, sau nawa ka ci abinci, minti nawa ka iya karatu hankalinka na wurin, da kuma yadda ranka yake daga 1 zuwa 10. Yi haka sati huɗu. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan lissafi da gaskiya. Ranar da kake cikin ƙunci sai ka ga kamar haka kake tun fil azal, ranar da ka ji daɗi sai ka manta an taɓa wahala.

Haɗa da ma'aunin ciwon damuwa mai suna PHQ-9, wanda ake samu kyauta a intanet. Tambayoyi tara ne a kan sati biyun da suka wuce, jimillar maki daga 0 zuwa 27. Maki 10 ko fiye na nufin a je a ga likita. Na fargaba shi ne GAD-7, tambayoyi bakwai, maki 0 zuwa 21, shi ma 10 ne iyakar. Waɗannan ba su yanke hukuncin cewa kana da ciwo, suna nuna wanda ya kamata a duba ne. Tambaya ta tara a PHQ-9 tana magana a kan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai. Idan amsarka a nan ba sifiri ba ce, kada ka jira sati huɗun su cika, komai ƙanƙantar jimillar.

A wajenmu ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa da kalmar baƙin ciki ba. Ɗalibi zai ce kansa na zafi idan ya buɗe littafi, ko wani abu na yawo a cikin kansa, ko idanunsa na dishi-dishi, ko ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya. Sau da yawa akan yi ta maganin maleriya da taifot, a sauya tabarau, alhali tushen abin damuwa ne ko fargaba. Idan an yi gwajin jini sau biyu ba a ga komai ba kuma abin bai tafi ba, a sauya tambayar.

Ganin likita, da abin da za ka tambaye shi

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe duk suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara daga sashen marasa lafiya na yau da kullum, ka yi bayani, su tura ka. Tafi da littafinka, da kwalayen duk maganin da ka taɓa sha, har da na gargajiya, da mutum ɗaya na gida wanda ya san yadda kake a da.

Kada ka tambayi likita ko za ka iya likitanci, domin ba wanda ya san gaibu. Tambaye shi abin da zai iya amsawa. Mene ne sunan larurar? Yaya yiwuwar dawowarta, kuma me ya fi tayar da ita? Rashin barci na dare ɗaya ko biyu zai iya tayar da ita? Maganin zai sa ni barci ko nauyin kai da safe, kuma akwai wanda bai kai shi ba? Har tsawon wane lokaci zan sha? Idan na koma wani gari, wa zai ci gaba da dubana? Rubuta amsoshin a wurin.

Amsar ta danganta da irin larurar, kuma a nan ne mutane ke yin kuɗin goro su ce duk taɓin hankali ne.

Ciwon damuwa da na fargaba su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi jituwa da karatun likitanci idan an kula da su. Magunguna irin su fluoxetine da sertraline suna ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma bayan an warware ana ci gaba da sha aƙalla wata shida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha wata biyu, a ji garau, a ajiye. Sai ciwon ya dawo daidai lokacin babbar jarrabawa. Amitriptyline yana da arha kuma yana aiki, amma yana sa barci da bushewar baki, don haka ka gaya wa likita cewa kai mai karatu ne. Kada a yanke kowane ɗayansu farat ɗaya. A hankali ake ragewa, da sanin likita. Maganin zama da masanin halayya, inda ake koya maka kama tunanin da ke jefa ka cikin firgici ka gyara shi, yana da amfani ƙwarai ga mai tsoron jarrabawa ko tsoron magana a gaban mutane, kuma ya fi kyau a koye shi kafin a shiga.

Larurar da ke kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa, wadda likitoci ke kira baifola, ita ce take buƙatar dogon tunani. Mai ita yakan yi kwanaki ba ya jin barci, ga surutu, ga kashe kuɗi, ga jin ya fi kowa, daga baya ya faɗa cikin ƙunci. Rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, shi kuwa karatun likitanci an gina shi a kan karatun dare da kwanan aiki. Wannan bai rufe ƙofa ba, amma sharaɗin mai tsauri ne: lokacin barci tsayayye, babu karatun kwana ko ana gobe jarrabawa, kuma a shirya yin magana da hukumar makaranta a kan kwanan aiki idan an kai ajin asibiti. Mai shan lithium, ɗaya daga cikin magungunan wannan larura, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai don duba yawan maganin da lafiyar ƙoda da ta maƙoƙo, kuma ƙarancin ruwa a jiki na iya sa maganin ya taru ya zama guba. Duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Gombe ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle idan azumi ya faɗo a ciki. A tattauna batun azumi da likita tun kafin watan ya kama. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Ke kuma da ake ba ki maganin sodium valproate, ki sani yana iya yi wa ɗan tayi mummunar illa. Da yake aure a tsakiyar karatu abu ne da aka saba da shi a nan, ki tayar da maganar da likitanki tun kafin a sa rana.

Wanda ya taɓa jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya gamsu cewa ana bibiyarsa, shawararmu ita ce kada ya shiga sai ya yi aƙalla shekara guda lafiya lau a kan magani, yana wani karatu ko aiki mai tsari, an ga ya riƙe.

Shaye-shaye kuwa a faɗe shi ƙarara. Idan ka riga ka saba da tiramol, ko kodin, ko wiwi, ko ƙwayar barci don ka iya karatu ko ka iya runtsawa, to sana'ar da kake nema za ta ɗora maka alƙalamin rubuta magani a hannu. A magance wannan tukuna.

Ruƙiyya da addu'a ba sa karo da asibiti. Inda ake samun matsala shi ne idan aka ce a ajiye ƙwaya don an fara rubutu, ko a shafe shekara ana neman wanda ya yi sammu yaro na ƙara lalacewa. A haɗa su, a gaya wa malam ana shan magani, a gaya wa likita abin da ake sha a gida.

Wa yake son likitancin?

Zauna kai kaɗai ka amsa: da ba wanda zai ji haushi, da ba wanda zai kira ka Dakta, za ka zaɓe shi? Ɗalibin da ya shiga don kansa, idan ya faɗi jarrabawa yakan ji ciwo ya tashi. Wanda ya shiga don Baba, idan ya faɗi sai ya kasa faɗa a gida, ya riƙa karɓar kuɗin makaranta yana ɓoye cewa an sallame shi, kuma irin wannan sirri yana daga cikin abubuwan da suka fi jefa matashi cikin haɗari.

Idan fuskantar mahaifi da wannan magana ta yi maka nauyi, bi ta hanyar da aka saba: kawu, ko gwaggo, ko yaya, ko malamin da yake jin maganarsa. Kada ka ce ba ka so kawai. Ka ce, "Baba, likita ya ce in ba wa maganin nan lokaci, ina neman izini in jinkirta zuwa baɗi," ko ka kawo kwas ɗin da kake so da dalilinka. Ku kuma iyaye, jumla ɗaya za ku faɗa tun kafin ya tafi, ku kuma cika ta: ko ka ci ko ka faɗi, mu ne farkon waɗanda za ka gaya wa.

Nemi ɗalibin aji uku da na aji biyar ka tambaye su yadda satinsu yake daga Litinin zuwa Lahadi, awa nawa suke barci. In da hali, nemi izini ka yini a wani asibiti kana kallon aiki.

Zaɓen makaranta da lissafin kuɗi

Ga mai larura, kusanci da gida ya fi sunan makaranta. Jami'ar Jihar Gombe tana horar da ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin garin, ATBU tana da nata a Bauchi, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021. Ɗan Kumo da ke karatu a Gombe, ko 'yar Misau da ke Azare, za su iya zuwa gida ranar Juma'a, mahaifiya ta kalli fuskarsu ta gane akwai matsala tun kafin su buɗe baki. Wanda aka tura Sudan ko Masar ko wata ƙasa mai nisa ya rasa wannan, ga sabon harshe, ga nauyin sanin an sayar da gona dominsa.

Kafin ka sa makaranta a fom, samo littafin dokokin kwalejin likitancinta ka karanta abu uku: sau nawa aka yarda a sake jarrabawa, yaya ake neman dakatar da karatu saboda rashin lafiya da irin takardar da ake buƙata, da kuma ko wanda aka sallama yana iya komawa wani sashe. Tabbatar kuma cewa MDCN ta amince da kwas ɗin, don zaman jiran amincewa na ƙara shekaru.

A lissafin kuɗi sa maganin wata-wata, kuɗin mota zuwa ganin likita, da gwajin jini, ka ninka har shekara shida. Tambayi asibitin makaranta ko inshorar ɗalibai ta TISHIP ta ƙunshi maganinka. Bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, na iya rage nauyin kuɗin rajista. Dalilin wannan lissafi shi ne, idan aljihu ya yi ƙasa, magani ne abu na farko da ɗalibi ke yankewa.

Takardar shaidar lafiya

JAMB ba ta hana ka zaɓar likitanci saboda tarihin larura. A wajen rajista a jami'a ne ake gwajin lafiya, kuma fom ɗin na iya tambayar ciwon da ka taɓa yi da maganin da kake sha. Kada ka yi ƙarya a rubuce. Idan ciwon ya tashi daga baya, wannan takarda ce za ta zama hujjarka ta neman hutu. Idan ka rubuta babu, ka rufe wa kanka ƙofa, ka kuma jawo tuhumar rashin gaskiya a sana'ar da ba ta wasa da hakan. Karɓo gajeriyar wasiƙa daga likitanka mai cewa kana ƙarƙashin kulawa kuma za ka iya karatu, ka miƙa wa likitan makaranta hannu da hannu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare masu larura daga wariya da kuma kare sirrinsu. Duk da haka tsegumi bai san doka ba. 'Yan ajinku da abokan ɗaki ba dole su sani ba. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana.

Yanke shawara

Ka cike fom bana idan ka yi wata shida zuwa shekara kana lafiya, barcinka ya daidaita, ka iya zama karatu na awa biyu zuwa uku a rana ba tare da ƙwaya ba, kana da likitan da ya san ka, kuma wani a gida ya san komai.

Ka jinkirta idan an kwantar da kai ko an sauya maka magani a cikin 'yan watannin nan, ko tunanin kashe kai bai daɗe da barinka ba, ko ana cikin sabon rashi a gida. Shekarar jinkiri ba ta zaman ɗaki ba ce. Tashi a lokaci ɗaya kullum, shiga darasin share fage, koyar a islamiyya ko makarantar unguwa, ka ga yadda jikinka ke ɗaukar matsi. Sakamakon UTME na shekara ɗaya ne, za ka sake rubutawa, amma na WAEC da NECO suna nan.

Ka sauya hanya idan ka gano ba kai ke so ba, ko likita ya nuna cewa kwanan aiki zai riƙa tayar da ciwon. Harhaɗa magunguna, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ciki, gashin ƙashi da lafiyar al'umma duk aikin lafiya ne. Sai dai kada a ɗauka hutu ne; aikin jinya, alal misali, yana da kwanan aiki kamar na likita ko fiye.

Takarda ɗaya da za ka tafi da ita

Idan an ba ka gurbi, kafin ka ɗaure kaya rubuta shafi ɗaya, ka ba mutum biyu kwafi, ɗaya a gida ɗaya a makaranta. A ciki sa sunan maganinka da yawan da kake sha, ranar ganin likita ta gaba, da alamominka na farko, waɗanda littafin nan na sati huɗu ya nuna maka: wani ya fara ƙin ɗaga waya, wani ya daina zuwa masallaci da cin abinci da mutane, wani ya kwana uku yana barcin awa uku bai ji gajiya ba. A gaban kowace alama rubuta abin da za a yi. Riƙe maganin sati biyu a ajiye saboda yajin aiki ko ƙarewarsa a kantin magani. Nemi a sa maka ranar ganin likita wata guda kafin kowace babbar jarrabawa, ba bayanta ba. Shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari a tsayar da su daga la'asar, domin suna ƙara bugun zuciya ga mai fargaba kuma suna cinye barcin da kake karewa.

A ƙasan shafin rubuta umarnin gaggawa da manyan baƙaƙe. Idan ka fara shirya yadda za ka cutar da kanka, ko ka kwana biyu ba barci kana surutai, ko ka fara jin muryoyi, wanda ke riƙe da takardar kada ya bar ka kai kaɗai, ya kwashe magunguna da duk wani maganin ƙwari ko abu mai kaifi daga ɗakin, ya kai ka sashen gaggawa na asibitin koyarwa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, sannan ya kira gida.